Farar Fitila a Hanyar Gazara

Maiwada direba ne, kuma irin direban nan da bai iya haƙurin a fi shi ba. A-kori-kurarsa ta tsufa, ƙofar gefen fasinja ma da igiya ake ɗaure ta, amma in ka ji shi yana yabonta a tashar Makarfi sai ka rantse jiya aka sauko da ita daga jirgin ruwa. Aikinsa ɗauko kayan gona daga ƙauyuka zuwa gari, da rani rake da tumatir, da damina ɗanyar masara da barkono. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yana da zumunci, yana rage wa tsofaffi hanya kyauta. Abu ɗaya ne ke ci masa rai, wato manyan motocin da ke dallare masa ido da fitila in duhu ya shiga, ya roƙe su su sauke, su wuce shi kamar ba su ga mutum ba.

Ƙa'idar hanya kuwa ba a makaranta ake koyonta ba. In ka hango wani yana tahowa, ka sauke babbar fitila ka bar ƙarama, abin da direbobi ke kira dim, shi ma ya yi maka haka, kowa ya ga gabansa ya wuce. Kamar sallama ce, an yi maka ka amsa. To Maiwada ya gaji da yin sallamar da ba a amsawa. Da ya samu sarari a tsakiyar marka sai ya tafi Zariya, ya sa aka ɗaura masa doguwar farar fitila a saman rufin motar, irin mai ƙananan ƙwayaye a jere, aka kuma ƙara masa rawaya guda biyu a ƙasan bamba.

Mai haɗa wayar ya yi masa bayani yana goge hannu da tsumma. Ya ce rawayan na ruwa ne da hazo, ƙasa suke haskawa, ba sa damun kowa.

"Amma ta saman nan, maigida, ta daji ce," in ji shi. "Inda babu kowa a gabanka. Ka kunna wa mutum ita a fuska, wallahi ko tafin hannunsa ba zai gani ba."

"Ai abin da na zo nema ke nan," in ji Maiwada yana dariya.

Bai gaya wa matarsa Rahmatu ba. Ta jima tana yi masa mitar kwanon ɗakin girki da ke yoyo, kuma ya san amsar da zai samu in ta ji abin da ya fi kwanon muhimmanci a wurinsa.

Ranar da ya fara fita da fitilar, ɗanyar masara ya je ɗaukowa a wani ƙauye can gaba da Gazara. Ruwa ya hana lodi da wuri, har sai da ya yi sallar magariba a can sannan ya kamo hanyar gida. Gazara garin surukansa ne, can aka haifi Rahmatu, amma bai tsaya gaisuwa ba, ya ce wa kansa masara ba ta jira. Ana yayyafi, kwalta ta jiƙe tana sheƙi, masara da dawa sun rufe gefen hanya ta ko'ina.

Yana kusa da wata kwana mai kwalbati sai ga babbar mota ta ɓullo, fitilunta a buɗe har ƙarshe. Maiwada ya yi mata dim, ba ta kula ba. Ya ɗaga ya sake saukewa, ko gezau.

"To bismilla," ya ce, ya kai hannu ya kunna ta saman.

Duniya ta yi fari fat. Har ɗigon yayyafi ana iya gani ɗaya bayan ɗaya. Ya hango direban babbar motar ya ɗaga hannu ya kare fuska, ya ji wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙeya har yatsun ƙafa. Shekara da shekaru yana jiran wannan rana. Motar ta gota shi tana hon, shi kuwa bai kashe ba, hannunsa na kan makunnin yana murmushi shi kaɗai.

A bayan babbar motar akwai wata fitila ƙwaya ɗaya, rawaya, mai rauni. Mashin ne. Mai mashin ya sauke fitilarsa, ya ɗaga, ya sake saukewa, roƙo dai irin wanda Maiwada ya gama yi yanzu aka ƙi ji. Kuma Maiwada ya gani, kada wani ya ce bai gani ba. Akwai lokaci, makunnin na ƙarƙashin yatsansa. Amma zuciyarsa ba ta gama hucewa ba, sai ya ji bakinsa ya ce, "Kai ma ɗanɗana." Ya ga mutum lulluɓe da leda saboda ruwa, ya sunkuyar da kai, mashin na tangaɗi, suka wuce juna.

Ya duba madubi. Jar fitilar bayan mashin ɗin ta karkata gefe, sai kuma ta ɓace. Maiwada ya ɗage ƙafa daga totur, motar ta rage gudu. Sai ya ce wa kansa ai hanyar gona mutumin ya shiga. Babu wata hanyar gona a wurin, ya san hanyar nan kamar tsakar gidansu, kwalbati ne kawai da ramin ruwa. Ya kashe farar fitilar, ya mayar da ƙafarsa, ya ci gaba da tafiya.

Da safe yana karyawa wayar Rahmatu ta yi ƙara. Ta amsa, ta yi salati, ta zauna daɓas a bakin rijiya.

"Baban Farida, Baba ne," ta ce tana kuka. "Jiya ya faɗi a kan mashin, a kwalbatin nan na hanyar gida. Ya karye a hannu. A cikin ruwa aka tsince shi, sai bayan isha'i wasu masu keke suka ji nishinsa."

Maiwada ya ajiye kofin kunun da ke hannunsa a hankali.

Malam Sa'idu, mahaifin Rahmatu, mai gyaran inji ne. Injin niƙa, injin ban ruwa, na feshi, duk inda ɗaya ya tsaya tsakanin Gazara da Nasarawan Doya shi ake kira, ya ɗaura jakar sifanoni a bayan mashin ya tafi. Gemunsa ya yi fari amma bai san zama ba. Mashin ɗin shi ne ƙafarsa, shi ne shagonsa, kuma da shi yake ci da gidansa ba tare da ya miƙa wa ɗa hannu ba, abin da yake taƙama da shi fiye da komai. Ranar ya shigo Makarfi sayen kayan wani inji ne, ruwa ya tsare shi, ya kama hanya bayan magariba.

Maiwada ya ce wa Rahmatu ta shirya su tafi. Kafin ta gama shiri ya zaga inda yake ajiye mota, ya hau rufin da sifana, ya kwance farar fitilar, ya naɗe ta a buhu ya tura bayan kujera. Bai tsaya ya yi shawara da kansa ba, hannuwansa ne suka yi aikin. Ramukan notin suka rage a rufin, kuma tun daga ranar duk sanda aka yi ruwa yana tuƙi sai ya riƙa ɗiga masa a kafaɗa.

A Gazara zaure ya cika da 'yan dubiya. Maiwada ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shiga ya tsugunna can gefe, kai a ƙasa, kamar yadda ya saba tun ranar da aka ba shi Rahmatu. Bai taɓa kallon surukinsa ido da ido ba, kuma ranar ya gode wa Allah da aka yi kunyar suruki a duniya.

"Baba, ina kwana. Ya jiki? Ashe tsautsayin da ya faru ke nan. Allah ya kiyaye gaba, Allah ya sa kaffara ce."

"Amin, Maiwada. Ya hanya? Ya yaran? Ka baro aikinka ka taho, Allah ya yi albarka."

Maɗori ya riga ya ɗaure hannun da kara, an jingina tsohon da bango saboda haƙarƙari. Duk da haka bakinsa bai mutu ba, duk wanda ya shigo sai ya ba shi labarin daga farko. Yana bin bayan wata babbar mota, in ji shi, tana gotawa sai ga wata ƙarama ta taho da haske daga sama, fari fat, a jere. Ya roƙe ta da fitila ta ƙi. Daga nan bai ƙara ganin komai ba, sai ji ya yi yana cikin ruwa.

Babban ɗansa Ja'afar, mai sayar da taki a Ikara, yana zaune kusa da shi yana girgiza kai. Shi ya wanke wa uban taɓo a jiki daren jiya, kuma idanunsa sun nuna bai runtsa ba.

"Baba, kowa na haɗuwa da fitila a hanya, ba kowa ke faɗawa kwalbati ba," ya ce. "Ana ruwa, walƙiya ce aka yi, idonka ya ɗauke. Tun bara nake cewa idon nan ya fara rauni."

"Walƙiya mai ƙarar inji? Idona ƙalau yake, Ja'afaru. Mota ce."

Ja'afar ya juyo. "To ga direba nan. Maiwada, kai da kake bin hanyar nan safe da yamma, ka taɓa ganin mota mai irin wannan fitila a yankin nan?"

Duk zauren aka juyo ana jiransa. Maiwada ya ƙara sunkuyar da kai. Yana kallon tabarma, yana jin idon tsohon a kansa, idon mutumin da ya samu mai shaida.

"A'a, Yaya," ya ce. "Ban gani ba."

"Ka ji ko," in ji Ja'afar.

Malam Sa'idu ya kawar da kai. Ya gyara zaman hannunsa a kan cinya, aka shiga wata hira.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da mutane suka iya, wato tuno abin da ba su lura da shi ba a da. Wannan ya tuna ranar da Malam ya gaishe shi da sunan wani. Wancan ya tuna yadda yake nesanta waya da fuskarsa in zai duba lamba, kamar akwai mai furfurar da ba ya haka. Kafin ɗorin ya fara kamawa, duk Gazara ta gama yarda Malam Sa'idu ba ya gani sosai. In zai tashi alwala sai wani ya yi wuf ya ce, "Ga butar nan, Baba, ta hannun damanka," alhali ita yake kallo. In ya sake ɗauko labarin motar sai a yi murmushi a ce Allah dai ya kiyaye gaba. Masu injin da suka ce za su jira shi ya warke suka fara kai kayansu wurin wani a Kudan, a ɓoye, don kada ya ji.

Mashin ɗin kuwa Ja'afar ya ce ba za a sake hawansa ba. Sayar da shi za a yi, Baba ya zauna a gida, su 'ya'yansa za su ɗauki nauyinsa. Tsohon ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya ce ba a haife shi don zaman zaure ba. Ja'afar ya ce a bari dai hannu ya warke a gani.

Maiwada ya zama surukin da babu irinsa. Kullum yana Gazara. Ya kawo ƙashin shanu a yi wa Baba romo, ya kawo kifi, ya kawo man zafi. Shi ya ɗauki mashin ɗin ya kai aka miƙe masa ƙaho, aka sa sabon madubi da sabuwar fitila. Mata a cikin gida suna ta sa masa albarka, ana cewa Rahmatu ta yi sa'ar miji. Duk albarkar da aka sa masa sai ya ji kamar an ɗora masa buhu a wuya. Abinci ya daina yi masa daɗi. A hanya kuwa ya koma yi wa kowa dim, har mai keke, har mai amalanken shanu, tun kafin su ƙaraso, wani lokaci ma yana tafiya da ƙaramar fitila a inda babu kowa. Ya sani sarai wannan ladabi na bayan ɓarna bai ƙara wa Malam Sa'idu komai ba.

Rahmatu ce kaɗai ba ta gama sakin maganar ubanta ba. Wata rana bayan sallar asuba tana zaune a kan darduma, shi yana saka riga, ta ce, "Ni dai Baba bai taɓa yi mini ƙarya ba. In har akwai motar nan, wanda ya ga tsoho ya faɗi ya wuce shi a cikin ruwa, Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Ta juyo tana jiran abin da ake jira in an yi addu'a. Maiwada ya tsaya da riga a wuya.

"Amin," ya ce.

Ya fita bai karya ba, ya zauna a mota ya kifa kai a kan sitiyari. Tsoro yake ji, tsoron Allah da tsoron mutane, kuma abin kunyar shi ne na mutanen ya fi yawa. Yana hango fuskar Ja'afar, da ta Rahmatu, da yadda za a riƙa nuna shi a tasha. Sai ya lallashi kansa da abu ɗaya, wanda ya riƙe kamar laya: ai bai san Baba ba ne. Leda ce a kansa, ga duhu, ga ruwa. Da ya san shi ne, wallahi da ya tsaya. Duk sanda abin ya taso masa sai ya maimaita wannan, ya ɗan ji sauƙi.

Ya gwada bi ta bayan gida. Ya samu Ja'afar a shagonsa a Ikara, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Yaya, da an bar wa Baba mashin ɗin nan. Ni a ganina idonsa bai kai yadda ake faɗa ba. Kuma ka san fitilun zamanin nan, akwai masu kashe ido."

"Kai da bakinka ka ce ba ka taɓa gani ba."

"Haka ne."

"To ka gani." Ja'afar ya sauke murya. "Maiwada, ba ka ga yadda aka ɗauko shi ba. Ruwa har ƙirji. Da masu keken nan ba su biyo ba, da gawa za mu ɗauko da safe. In na bar shi ya sake hawa ya mutu a hanya, me zan ce wa Allah? Gara ya yi fushi da ni yana raye."

Mutumin ba mugunta yake yi ba, son ubansa yake, kuma a kan shaidar Maiwada ya gina hukuncinsa. Kafin su rabu Ja'afar ya ce ranar kasuwar Makarfi mai zuwa za a kai mashin ɗin, tunda an kwance ɗori, kuma wa zai ɗauka in ba mai a-kori-kura na gida ba.

Ranar kasuwar ya iso Gazara da hantsi, da Rahmatu a gefensa ta zo duba jikin Baba. An shimfiɗa wa Malam Sa'idu tabarma a ƙofar gida yana shan rana, maƙwabta biyu-uku, har da Malam Sada, na zaune tare da shi. Ya rame, hannun da ya karye ya sirance. Maiwada ya tsugunna ya gaishe shi, sannan shi da Ja'afar suka tura mashin ɗin kan katako suka hau da shi bayan mota. Maiwada ya ɗaure shi da igiya, yana jan kowane ƙulli kamar a wuyansa yake ɗaurawa. Yana jiran tsohon ya yi faɗa kamar kullum. Da ya yi faɗan ma da ya fi sauƙi.

"Maiwada, zo."

Ya sauko ya tsugunna. Malam Sa'idu ya laluba aljihu da hannun lafiyar, ya fiddo makulli da takardun mashin a cikin leda, ya miƙa masa.

"Ka samu mai hankali ka sayar masa, ba ɗan acaɓa ba. Ka gaya masa da sanyin safiya sai ya ja cok, kada ya yi ta dukan kik a banza. Bai taɓa ba ni kunya ba."

"To, Baba."

Tsohon ya juya yana kallon hanya. Da ya sake magana, muryar ba irin tasa ba ce, ta yi laushi kamar ta mai neman gafara.

"Na yi ta tunani a kwancen nan. Da farko in na rufe ido ina ganin motar ƙuru-ƙuru. Yanzu kuwa in na nema ba na samunta. Wataƙila yaran nan sun fi ni gaskiya, walƙiyar ce. Mutum in ya tsufa ba ya sanin ranar da abu ya bar shi." Ya share ido da bakin rigarsa. "Abin da ya fi damuna, na yi ta jan Allah ya isa a kan wani bawan Allah da babu shi. In ma akwai wata mota da ta wuce a lokacin, na ɗauki alhakin mai ita a banza. Allah ya yafe mini."

Maƙwabtan suka ce amin. Ja'afar ya sunkuyar da kai, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Maiwada ya dubi makullin da ke tafinsa. Hannu ya karya wa mutumin nan, wannan ya warke. Amma yanzu a gabansa tsohon ke ƙaryata idonsa da kansa, har yana roƙon gafarar wanda ya jefa shi a rami. Ya ɗaga kai, karo na farko a rayuwarsa, ya dubi surukinsa a fuska.

"Baba, akwai motar."

"Na'am?"

"Akwai motar. Tawa ce. Ni ne."

Maiwada ya tashi, ya buɗe mota, ya jawo buhun daga bayan kujera, ya zazzage farar fitilar a gaban tabarma, wayoyinta na reto. Sannan ya koma ya tsugunna ya faɗi sauran, babbar motar, da fushin, da roƙon da aka yi masa da fitila ya gani ya ƙi, da jar fitilar da ta ɓace a madubi. Bai rage komai ba, domin ya san in ya tsaya ba zai iya ci gaba ba.

Ja'afar ya miƙe tsaye. "Kai? Kai da na tambaya a gaban mutane? Kai da kake kawo romo?"

"Zauna, Ja'afaru," in ji tsohon.

Ya jawo fitilar da hannun lafiyar, ya shafa ƙananan ƙwayayen da ke jere, ɗaya bayan ɗaya. Sai ga fuskarsa ta buɗe, har da 'yar dariya.

"A jere," ya ce. "Daga sama. Malam Sada, ka gani? Ban ce muku a jere ba?" Ya juya wurin maƙwabcin nasa, ya juya wurin ɗansa. "Alhamdu lillahi. Ashe idona ƙalau. Ashe ban ruɗe ba. Ja'afaru, hau ka kwance mini mashina."

Murnar nan ta fi wa Maiwada zagi ciwo. Rahmatu na tsaye a bakin zaure, ta ji komai, ta rufe baki da mayafi, ba ta kalle shi ba kuma ba ta koma ciki ba.

Da dariyar ta lafa, Malam Sa'idu ya ture fitilar gefe ya dube shi.

"Ka ce ka ga fitilata ta ɓace."

"Na gani, Baba."

"Ka san akwai ruwa a ramin."

"Na sani."

"Ba ka tsaya ba."

Nan Maiwada ya fiddo abin da ya daɗe yana riƙo, abu ɗaya mai tsabta da yake ganin ya rage masa.

"Baba, ban san kai ne ba. Leda ce a kanka, ga duhu. Wallahi tallahi da na san kai ne da na tsaya."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Babu fushi a fuskar, kuma murnar ma ta tafi.

"Da ka san ni ne," ya maimaita a hankali. "To wanda ba ni ba fa, Maiwada? Shi a bar shi a ruwan?"

Maiwada ya mayar da kansa ƙasa.

Malam Sa'idu ya yunƙura zai tashi. Maiwada ya yi saurin miƙa hannu kamar yadda ya saba yi a 'yan kwanakin nan, amma tsohon ya dafa kafaɗar Malam Sada ya miƙe, ya nufi zaure. Rahmatu ta matsa ta ba ubanta hanya, ta bi bayansa. Ja'afar bai hau motar ba, shi ma ciki ya shige, maƙwabtan suka sulale ɗaya bayan ɗaya ba sallama.

Maiwada ya ajiye makullin da takardun a kan tabarma, ya hau bayan motar, ya fara kwance igiyar shi kaɗai. Ya ja ƙullin da ƙarfi ɗazu, yanzu sun ƙi kwantuwa, kuma babu wanda zai kira ya kama masa mashin ɗin su sauke.